Awa Biyar Tsakanina da Inna

Ranar da maigidana ya nuna mini Jidda a cikin waya, ina bakin murhu ne ina tsince shinkafa, yarinya tana goye a bayana, lokacin ko zama ba ta fara ba. Ya dawo daga gonar rake, ƙafarsa duk laka, ban bari ya wanke ba na tare shi da tambayar da ta daɗe tana cina: wai garin nan da Inna take, nisansa ya kai ina?

Ya jawo kujera ya zauna, ya latsa ya latsa, sannan ya miƙo mini. Wani siririn zare ne aka ja daga ɗigo zuwa ɗigo, da ɗan jirgi a tsakiya bai fi fara girma ba.

Ya ce, "Nan Kano, nan Jidda. Kilomita dubu uku da ɗoriya."

Na ce, "Malam, ni bar ni da kilomita. Kwana nawa ake yi?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Kwana kuma? Awa biyar ma ba ta cika ba. In ta yi asuba a can, a nan za ta yi azahar."

Ni karatuna bai yi nisa ba, a aji huɗu na tsaya, amma na san tafiya. Da rani Malam yakan bi motar tumatir zuwa Legas. In sun tashi yau da la'asar, sai gobe, wani lokaci sai jibi yake kira ya ce sun sauka, kuma duk da haka mako ba ya zagayowa sai ga shi ya dawo da burodi a leda. Ko daga nan Gazara zuwa garinmu Paki, in damina ta ci hanya kuma aka tsaya jiran mota ta cika, rabin yini ya tafi. Sai na lissafa a raina: ashe Jidda ta fi Legas kusa. Ashe Inna ba ta yi nisa ba. Na ci gaba da tsintar shinkafata zuciyata wasai, kuma a kan wannan lissafin na zauna har yarinyar ta yi baki.

Inna ita ce mahaifiyata. Bayan rasuwar Baba ta jira ta aurar da ni, sannan ta sayar da 'yar gonarta ta fadama, ta bi wasu mata 'yan Ikara zuwa Umra. Su suka dawo da dabino da zamzam, ita ba ta dawo ba. Ta samu aiki a wani gida a Jidda, tana kula da wata tsohuwa da ƙafafunta suka mutu. Ita ke yi mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki, ita ke juya ta kada kwanciya ta ci mata baya. Da abin da take aikowa ƙannena biyu suke ci suke zuwa makaranta a gidan kawunmu a Paki. Kowa ya san haka, ni ma na sani, amma ban taɓa haɗa shi da maganar dawowarta ba.

Haihuwar fari a gaban uwa ake yi, ni ban samu ba. Surukata, wadda muke kira Iya, ita ta karɓi haihuwar, ita ta yi mini wankan jego safe da yamma da ganyen darbejiya, ita ta yi ta ɗura mini kunun kanwa har na tsani warinsa. Iya mutuniyar kirki ce, sai dai hannunta da nauyi, bakinta ma haka. Ranar suna aka sa wa yarinya sunan Inna. Ga ta 'yar fari, ga sunan uwata a kanta, don haka har yau sunan bai taɓa fita daga bakina ba.

Da yammacin ranar Inna ta kira ta bidiyo. Ranar Juma'a kaɗai take samun sukunin kira, amma wannan karon ta roƙa aka bar ta. Tana tsaye a wani kicin fari fat, ta yi haske ta kuma rame. Na ɗaga mata jaririyar. Ni ba ta ce mini komai ba. Ni ma 'yar farinta ce, tun ina ƙarama "ke" take ce mini, kuma in ba ta kama ba ba ta kallona ido cikin ido. Da jaririyar ta yi magana.

"Takwara, kin zo ba ki same ni ba ko? To ki ji. Haihuwa ta wuce ni, wanka ya wuce ni, suna ya wuce ni. Yaye ba zai wuce ni ba. Ki gaya wa uwarki kada ta bari kowa ya yaye mini ke."

Matan da ke ɗakin suka ɗauki shewa. Iya ta cuso fuskarta cikin wayar har hancinta ya cika gilashin, ta ce, "Hajiya, mun ji mun karɓa. Sai dai ki yi sauri, takwarar taki akwai ci, kada ta tsotse mini yarinya ta bar mini ƙashi."

A wajenmu uwa ba ta yaye ɗanta da kanta. Ɗauke shi ake yi a kai wa kaka, can inda ba zai ga uwar ba bare ya ji ƙanshinta. Inna kuwa ta yi suna a wannan aiki a Paki, har waɗanda ba jikokinta ba ake kawo mata. Liman ya yi rubutu a wanke, ta zuba a kunun gyaɗa mai tsamiya. Ba ta ɗura wa yaro. Zama take yi a gabansa ta riƙa sha tana santi, tana lashe ludayi, shi yana kuka yana kallonta, har ya gaji ya miƙo hannu. Sauran yinin kuma yana bayanta, da shi take daka, da shi take shara. Ina yarinya na sha tsayawa ina hararar 'ya'yan maƙwabta a bayan nan nata, don ni ban tuna hawansa ba. Kakata ce ta yaye ni, ta riƙe ni har na yi wayo. Shi ya sa da na ji alkawarin Inna, na ji kamar ni aka yi wa.

Ni mutum ce mai fargaba. In yarinya ta yi barci ya yi tsawo sai na je na ɗora hannu a cikinta na ji yana motsi. In ta yi atishawa biyu sai na fara tunanin ƙyanda. Amma maganar zuwan Inna ita kaɗai ce ban taɓa yi wa fargaba ba. Me zai hana? Awa biyar ce. In ina shanya na ji ƙarar jirgi can sama, ya ja farin layi a kan gonakin rake, sai na juyo da yarinya na nuna mata. Da ta fara magana, duk abin da ya wuce a sama, ko shirwa ce, sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Kaka."

Da ta shekara ɗaya da rabi ta wuce, Iya ta fara tari irin nata.

"Ke 'yar nan, ƙafar yarinyar nan fa ta yi ƙwari."

"E, Iya."

"Haƙora sun cika baki."

"E, Iya. Inna ta ce bayan azumi."

Bayan azumi Inna ta ce wa takwararta jikin tsohuwar ya tashi, ba ta yarda kowa ya ba ta abinci sai ita. Bayan wannan ta ce a bari sanyi ya wuce, yaye a sanyi ba ya daɗi. Kullum da yarinyar take maganar, ni ina riƙe da waya hannuna yana sagewa. Ban taɓa ce mata yaushe ba. In ta faɗi wata, sai na ce wa yarinya, "Kin ji ko? Ki ce Allah ya kai mu." Ni a zatona abin da ya rage kawai ta yanke rana. Har na je Paki sau ɗaya na buɗe ɗakinta, na kakkaɓe yana, na shanya katifa, na sa ƙanina ya toshe ramin ɓera.

Yarinya ta cika shekara biyu tana sha. Malam bai cika magana ba, amma wata rana yana cin tuwo ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Shekara biyu fa aka faɗa a karatu."

Na ce, "Ai Inna na hanya."

"Tun yaushe take hanya?"

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Yana jin nauyin Inna, kuma ya san ita ce surukar da ba ta taɓa neman komai a wajensa ba sai wannan.

Abin kunyar ya same ni ne a wani biki a Taba, gidan 'yar Iya da ke aure a can. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina, ni ina gefe na lulluɓe da mayafi. Sai ga yarinya ta taho da gudu daga cikin yara, hannunta da alewa, ta tsaya a gabana ta ce da ƙarfi, kalma bayan kalma, "Mama, buɗe mini, zan sha in koma wasa."

Gidan ya ɗauka gaba ɗaya. Wata tsohuwa har da share hawaye.

"La ilaha! Mai sallama ce ma."

"Ku bar ta, gobe in za ta makaranta sai a zuba mata a gora."

"Wannan ai da shi za a kai ta ɗakin miji."

"Ke uwar, ba ki tsoron ta daƙiƙance? Nono in ya yi yawa kai yake toshewa."

Iya ce ta tare mini. Ta ce, "Ku sarara mata, kakarta ta Makka ake jira. Jirgin ne har yanzu yana shan mai." Aka sake fashewa da dariya. Na ja yarinya na shige bayan ɗaki na ba ta, ina kallon ƙafafunta da suka kusa taɓa ƙasa daga cinyata. A hanyar dawowa maganar toshewar kai ce ta yi ta yawo a raina. Na yi ta tambayarta sunan akuya, sunan kaza, ina gwada ko ƙwaƙwalwar tana nan.

Ba a daɗe ba wata dillaliya ta shigo gidanmu da turaren wuta da lalle. 'Yar Makarfi ce, da haƙorin Makka a bakinta, an ce ta yi shekaru a can kafin ta dawo. Iya ta fita unguwa, don haka na shimfiɗa mata tabarma na kawo ruwa, muka gaisa, ta tambayi maigida da yara da gajiya, na tambayi hanya da kasuwa. Tana jera kwalabe na ce, "Hajiya, don Allah da gaske ne awa biyar ce daga Jidda?"

"Jirgin? Ƙwarai kuwa. Ki ci ɗan abincin da suka ba ki, ki ɗan rintsa, sai ki ji ana cewa a ɗaura ɗamara ga Kano."

Na ji daɗi. Na ba ta labarin Inna da yaye, ina dariya ina faɗa mata abin da ya faru a Taba. Ita ba ta yi dariya ba.

"Innar taki da takarda take zaune?"

"Wace takarda?"

"Da Umra ta shiga ta zauna?"

"E."

Ta ajiye kwalbar da ke hannunta. Ta ce, "'Yata, awa biyar ɗin ta masu takarda ce. Irinmu ba ma zuwa filin jirgi mu yanki tikiti kamar mai zuwa Zariya. Kai kanki za ki yi ki ce ga ni, na wuce lokacina. Sai a kai ki inda ake tara masu komawa gida, ki zauna jiran layi ya zo kanki. Wata ta yi mako, wata ta yi wata, ba mai gaya miki. Ni a ƙasa na yi ta kwana cikin mata, da jakata a matsayin matashi. In kuma kika fito, kin fito ke nan. An ɗauki hoton yatsunki, ƙofar ta rufe. Ba zuwa yaye ba ne ta koma bakin aikinta. In ta zo, ta zo ke nan."

Na ce, "To ƙannena fa?"

Ta ce, "Ato. Abin da take lissafawa ke nan duk ranar da ta ce miki bayan azumi."

Na sayi turaren da ban yi niyya ba don kawai ta tashi. Da ta fita na zauna a kan tabarmar har rana ta bar tsakar gida. Inna tana da ciwon gwiwa tun muna Paki, in ta durƙusa sai ta dafa bango take tashi. Na yi ta ganinta a kwance a ƙasa cikin baƙin mata. Ban gaya wa kowa ba. Da Malam ya dawo na so in tambaye shi ko ya san da wannan tun ranar da ya nuna mini zaren nan a waya, amma na ga bai sani ba, shi ma abin da wayar ta rubuta ya karanta.

Cikin wannan hali ne na fara jin warin manja yana tayar mini da zuciya. Ban gaya wa kowa wannan ba ma, amma Iya ba a ɓoye mata irin wannan, daga yadda nake tofar da yawu ta gane. Sai kuma yarinya ta kama gudawa. Yini biyu tana yi, idanunta suka faɗa, wuyanta ya yi laushi. Iya ta kira ni ɗakinta ta sa na sauke labule.

"Nonon ciki take sha. Kin sani ko ba ki sani ba?"

Na sunkuyar da kai.

"Na yi shiru saboda Hajiya, ta fi ƙarfin haka a wajena. Amma yanzu ba maganar kara ba ce. Nonon nan ya lalace, guba kike ba ta. So kike ki rasa ta ki rasa na cikin?"

Na ce, "Iya, a bari in ji ta bakin Inna ranar Juma'a."

Juma'ar ta zo, an samu gudawar ta tsaya da ruwan gishiri da sukari. Inna ta kira, fuskarta a sake kamar ban taɓa gani ba. Ta ce, "Takwara, albishirinki. Na gaya wa 'ya'yan tsohuwa su fara neman wata. Da an sauko daga babbar Sallah zan kamo hanya. Ki shirya bakinki, kunu na nan tafe."

Lokacin ko azumi ba a fara ba. Ban san yadda zan yi ba. Ta yaya 'ya za ta buɗe baki ta ce wa uwarta tana da ciki, da goyo a hannu? Ta yaya zan ce mata na san hanyar da za ta bi, na san kwanan ƙasa, na san makarantar yaran ce za ta tsaya? Ita ba ta taɓa faɗa mini ba, wato ba ta so in sani. Na ce wa yarinya, "Ki ce Allah ya kai mu." Ta faɗa, Inna ta yi dariya, aka kira ta daga cikin gida da Larabci, ta kashe.

Washegari na haɗa kayan yarinya a leda na kai ɗakin Iya. Na gaya wa kaina cewa sauƙi nake yi wa kowa: yarinya ta tsira, Inna ta huta da gaggawa, in ta tashi zuwa ta zo a tsanake. Iya ta karɓo rubutu wajen liman, ta goya yarinyar, Malam ya ɗauke su a babur zuwa Taba don kada ta riƙa jin muryata. Tana ta ɗaga mini hannu, ta ɗauka biki za a koma.

Ƙirjina ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, ko zani ya taɓa sai na yi ƙara. Na ɗaure da ɗankwali na yi ta aikina. Duk kukan yaron da na ji daga maƙwabta sai rigata ta jiƙe. Kafin mako ya cika suka dawo, yarinya tana rungume da wata 'yar budurwar kaza da aka ba ta ta yaye. Na durƙusa na buɗe hannu. Ta kalle ni, ta kewaye ni, ta bi Iya ɗaki.

Iya ce ta ce ita za ta gaya wa Inna, maganar manya ce. Da Juma'a ta zagayo ta yi wanka ta ɗaura sabon ɗankwali, ta karɓi wayar. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aiki, jikin tsohuwa, zafin gari, mutanen Paki, damina. Sannan Iya ta gyara murya.

"Hajiya, sai haƙuri. An yaye takwara. Lalura ce ta zo, ba raini ba ne."

Na ɗauka waya ce ta tsaya, don hoton Inna bai motsa ba, sai da na ga ta ƙifta ido. Ta gane lalurar, ba ta tambaya ba.

Ta ce, "Ta yi kuka da yawa?"

"Kwana biyu ta yi tana yi, na uku ta kama tuwo."

"Me aka dama mata?"

"Koko. Sai fura da rana."

"Ba a sa tsamiya ba?"

"Ba a sa ba."

"To. Madalla. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Sannan ta ce, "Ina takwarar?"

Aka kawo ta, da ƙashin kaza a hannu tana gwaigwaya. Inna ta daɗe tana kallonta. Ta ce, "Kin girma ba ki jira ni ba." Yarinya ta miƙa mata ƙashin ta gilashi, Iya ta yi dariya, Inna ma ta yi, ni na fita duba tukunyar da ba komai a cikinta.

Juma'ar da ta biyo baya yarinya tana barci lokacin da ta kira, don haka dole da ni ta yi magana. Tana kallon gefe ta ce, "Ke, na ce musu kada su nemo wata. Tunda abin da zai kawo ni an yi shi, bari yaran nan su ƙarasa makaranta."

Maganar tana bakina. Inna, ki zo ki gan ni. Ni ma ina nan. Har na ji ta a kan harshena. Abin da ya fito shi ne, "To, Inna. Allah ya nuna mana."

Ta ce, "Amin. Ki riƙa cin abinci, kin rame." Wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kaina.

Sai daga baya na fahimci abin da na yi. Inna ba za ta taɓa cewa ta bar aiki, ta bar abincin marayu, don tana kewar 'yar farinta ba. Bakinta ba zai iya ba, kuma ko ta faɗa mutanen Paki za su ce ta yi rashin kunya. Amma yayen takwara dalili ne da za ta iya faɗa wa kawu, ta faɗa wa Larabawan, ta faɗa wa kanta. Shi kaɗai take da shi, ni kuma na sa shi a leda na kai ɗakin Iya.

Da na je awo a asibitin Makarfi, ma'aikaciyar tana auna cikina ta tambaye ni yaushe na yaye ta farin. Na gaya mata, na ce saboda nonon ya lalace. Ta cire abin sauraren ciki daga kunnenta ta ce, "Wa ya ce miki? Ciki ba ya lalata nono. In kina ci kina ƙoshi da sai ki ci gaba da ba ta. Gudawar ta fi kama da ta ruwan sha." Ta faɗa ne kawai tana rubutu, ta kira ta gaba. Na fito na zauna a kan benci a rana. Watanni kaɗan ne suka rage Inna ta zo lokacin da na yaye ta. Ban gaya wa Iya ba, don ita da zuciya ɗaya ta yi, kuma haka aka gaya mata ita ma tana yarinya.

Wani lokaci nakan ce gara da aka yi haka. Ƙanina ya shiga babbar sakandare, ƙanwata tana biye da shi, Inna ba ta kwana a ƙasa da gwiwarta ba. In na faɗa wa kaina haka da safe, yakan riƙe ni zuwa azahar.

Namiji na haifa. Iya ce ta sake yin wankan, aka sa masa sunan Baba. Yanzu yana tafiya yana kama bango, haƙoransa na gaba sun fito, ya fara cizo. Inna tana kira duk Juma'a. Tana ce masa maigida, tana tsokanarsa wai bai aiko mata da kuɗin cefane ba, tana tambayar ko an yi masa allura, ko masara ta yi kyau bana. Maganar yayensa ba ta ɗauko ba. Duk Juma'a nakan shirya yadda zan sa ta a bakin yaron, in ce masa, "Tambayi kaka wa zai yaye ka." Har yau ban faɗa ba. Ina tsoron ta ce za ta zo, ina tsoron ta ce a ba Iya.